Ɗiyar Fari Da Ba Ta Hau Sikeli Ba

Malaminku ya ce in zo in yi muku bayanin aikin ankete, wato shiga gida-gida ana tambaya ana awo, tunda bana kuka fara karatun ƙididdiga a jami'a. Ina shigowa na ji wani daga can baya, mai tabarau ɗin nan, yana ce wa abokinsa ai aikin ba wuya, ka tara lambobi ka zuba wa ordinata, wato kwamfuta, ita ta fitar maka da matsakaici. To ɗana, Allah ya ba ka lafiya. Sunana Rabi, a unguwar Guéma ta Parakou aka haife ni, gidanmu 'yan kasuwar goro da atamfa ne tun kakanni, ni kuma na tsufa ina rataya 'ya'yan mutane a sikeli daga Parakou har ƙauyukan Djougou. Kowace lamba da kake zuba wa ordinata, wani ne ya durƙusa a rana ya samo ta. Zan ba ku labarin wata yarinya da ta kusa mutuwa a gabanmu muna riƙe da kayan awo. Lissafinmu daidai yake ranar, sikelinmu lafiyarsa ƙalau, ita ce dai ba ta cikin waɗanda aka ce mu auna.

A wata rugar Fulani ce bayan Pélébina, ƙarshen rani, ana jiran ruwan farko. Wata ƙungiya ce ta ɗauke mu mu auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a ga inda yunwa ta fi tsanani, a san inda za a fara kai taimako. Rugar ba mu muka zaɓe ta ba, ƙuri'a ce ta faɗa kanta. Kun san dalili? In ka bar wa direba zaɓi, ƙauyen bakin gudro, wato kwalta, zai kai ka, inda motarsa ba za ta sha wuya ba. In ka bar wa delege, mai garin kenan, gidan ƙaninsa zai kai ka, inda aka riga aka yi wa yara wanka. Babana in zai sayi buhun masara ba ya duban wadda mai kaya ya baza a sama, ƙarfe yake sokawa a gindi da tsakiya ya ga abin da zai fito. Ƙuri'a ita ce ƙarfen nan, shi ya sa inda ta faɗa can za ka, ko da sai ka tuɓe takalmi ka ƙetare rafi.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai sikelin rataye mai fuska kamar agogo, da ƙugiya, da wani wandon zane da ake zura yaro a ciki a rataya shi yana kururuwa. Akwai allon katako na auna tsawo, wanda sai mutum biyu, ɗaya ya danne gwiwa ɗaya ya riƙe kai. Sai wani ɗan siririn maɗauri da ake zagaya wa damtsen yaro, mai launi kore da rawaya da ja. Kore lafiya, rawaya a sa ido, ja kuwa a tashi a nemi asibiti. Yanzu an ba mu tablet maimakon takarda da bik, wato biro, na kuma yi murna da ita don ta raba ni da ciwon baya, amma har yau ba ta iya danne gwiwar yaro.

Wadda ta koya mini rataya sikelin nan Madam Bintu ce, mutuniyar Djougou, Allah ya jiƙanta, mace mai faɗan tsiya. Da farko ko taɓa yaro ba ta bari in yi ba. Wani guntun ƙarfe gare ta wanda aka san nauyinsa, kullum da safe sai na rataya shi na karanta mata abin da allura ta nuna. In ta nuna daidai mu fita, in ta kauce a gyara. Na taɓa ce mata ai jiya ma mun gwada. Ta ce jiya sikelin bai wuni a bayan mota yana karo da taya ba. Daga baya sai ta sa in auna yaro, ita ma ta auna shi ba tare da ta ga abin da na rubuta ba, mu haɗa. In muka saɓa ni zan sake, ko da yaron ya yi mini fitsari a zane, kuma sun sha yi. Ita ta fahimtar da ni cewa kuskure iri biyu ne. Akwai na wutsil-wutsil ɗin yaro, a wannan ya ɗan ƙara, a wancan ya ɗan rage. In yaran sun yi yawa wannan yana cinye kansa. Akwai kuma mai karkata gefe guda, kamar sikelin da kullum yake ƙara wa kowa nauyi. Wannan ko yaran jihohin Borgou da Donga gaba ɗaya ka auna yana nan daram, sai ma ka ƙara yarda da ƙaryar don ka ga lambobi sun yi yawa. Malaminku zai ba ku sunayensu da Faransanci, ni dai haka na san su.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ba ta ambaliya ba ce, ba ta lalacewar hanya ba. Wata tawaga ce, ba tamu ba, rana ta dame su, suka sami gindin mangwaro suka zauna suka ƙirƙiro yaran ƙauye guda da nauyinsu da tsawonsu. An gane su ne don yaran nasu kowanne nauyinsa ya faɗa a kan kilo cikakke ko rabi, yaron gaske kuwa ba ya yi maka wannan alfarmar. Aka soke aikin baki ɗaya, mai laifi da marar laifi, aka daina kiranmu. Na koma rumfar innata ina yankan atamfa, 'yan uwa suna yi mini tsiya wai mai awon 'ya'yan mutane ta dawo awon yadi. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Da aka sake kiranmu, doka ta yi tsauri: wanda ke cikin jeri shi ake aunawa, ba ƙari, ba ragi, ba musanya. Da wannan dokar a wuyanmu muka je rugar nan.

Mun isa da hantsi. Maza sun tafi kudu da shanu neman ciyawa, an bar mata da tsofaffi da 'yan shanu kaɗan da ba su da wani nonon kirki. Muka gaida arɗo, na rataya sikeli a reshen kaɗanya. Shef ɗin tawagarmu, wato shugabanmu, wani saurayi ne, Salifu, ya yi karatu irin naku, iyayensa 'yan Nijar ne masu motocin haya a unguwar Ladjifarani ta Parakou. Shi ke rubutu, ni ke awo. Tsarin da aka ba mu mai sauƙi ne: a kira kowace mace da ke cikin shekarun haihuwa, a tambaye ta ƙananan yaranta nawa, ta faɗi, a rubuta, a auna su. Matan suna jin Hausa daidai gwargwado saboda tallan nono da wagashi, cukun Fulani, don haka ba mu nemi tafinta ba.

Cikin waɗanda suka zo akwai wata ƙaramar mace, Hawwa, da goyo a baya. Na tambaye ta, ta ce ɗaya. Ta kwanto jaririn, namiji, sambal da shi don yana kan mama. Maɗauri ya nuna kore, na yi masa wasa, na miƙa mata. Sauran matan da an gama da su sai su koma aikinsu, ita kuwa ta tsaya gefe tana gyara goyon da ba abin da ya same shi. Aiki ya yi nisa, yawancin yaran masu shan mama ne, awon yana kyau, har Salifu ya ce da alama rugar nan ba laifi, ba za ta shiga sahun farko na taimako ba.

Can ƙofar bukkar ƙarshe na hangi wata yarinya, za ta kai shekara uku, ta jingina da ƙafar wata tsohuwa. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta sun kumbura. Yaran ruga da sun ga sikeli sai gudu da ihu, ita ko motsi ba ta yi ba, kallonmu kawai take. A aikin nan yaron da ba ya gudu shi nake tsoro. Na tambayi matan ta wace ce, suka ce ta tsohuwa ce. Tsohuwa kuwa ta daɗe da wuce haihuwa, ba ta cikin waɗanda za mu kira, don haka yarinyar ba ta shiga jeri ba.

Ina naɗe wandon sikeli Hawwa ta matso, idonta a ƙasa, muryarta da ƙyar nake ji. Ta ce, "Inna, sikelin nan naku na masu uwa ne kawai? Ba ya ɗaukar yaran tsofaffi?"

Na dubi goshinta, na dubi na yarinyar, na ga goshi ɗaya ne, ɗiyarta ce. Ni ɗiyar fari ce. Innata har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "wannan" ko "ke". Kakata ce ta raine ni daga yaye, kuma in baƙuwa ta tambayi innata 'ya'yanta, daga ƙanena take fara ƙirga. Ku da kuka tashi kuna maƙale da maman ɗinku wasunku ba ku san wannan ba, amma ku tambayi kakanninku. Kunyar ɗan fari ce. A wurin Fulani ta ma fi tamu ƙarfi: uwa ba ta ambatonsa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, da an yaye shi ya koma hannun kaka. Hawwa ba ƙarya ta yi mini ba. Ta ba ni amsar da mace mai tarbiyya za ta bayar a gaban surukarta. Ɗiyarta na narkewa a idonta, bakinta kuma ba shi da ikon ya ce ku duba mini ita.

Na je wurin Salifu na ce zan auna yarinyar can. Ya tuna mini da doka, ya ce in muka ƙara ta don mun ga ta rame, to da ido muka zaɓa ba da ƙuri'a ba, kuma haka ake karkatar da awo. Raina ya ɓaci. Na ce masa in dokarsa ta hana a taɓa yarinya mai kumburarrun ƙafafu, to ya zura dokar a wando ya rataya, ni na gama. Yaron yana da haƙuri, Allah ya saka masa. Ya ce in auna ta mana, a rubuta ta daban, ba wanda ya hana a ceci rai. Sai ya tambaye ni ta wace ce, na gaya masa, na gaya masa kuma dalilin da uwar ba ta ƙirga ta ba. Ya gane nan take, don shi ma haka ake yi a gidansu.

Daga nan ya yi tambayar da ni ban kai gare ta ba, ina cikin fushi. Ya ce, "Tanti, ita kaɗai ce? In kowace uwa haka take yi, to duk rugar da muka wuce mun bar 'ya'yan fari a baya. Kuma su ne aka yaye, su ne ba su da mama, ga shi ba nonon shanu."

Kun gane abin da ya hango? Mun tsallake wani rukuni guda na yara, kuma daidai rukunin da yunwa ta fi kamawa. Matsakaicinmu ya yi kyau ne don masu jan shi ƙasa ba su hau sikeli ba. Wannan shi ne kuskure mai karkata gefe guda, kuma ƙara yawan rugage ba zai gyara shi ba. Nan take ya ce mu bar kiran uwaye, mu bi bukka-bukka, mu tambayi wa ya kwana a nan, wa ke ci daga wannan tukunyar, mu tambayi tsofaffi su ma. Sai ga yara suna fitowa daga ɗakunan kakanni, yawancinsu sun fi na farko rama. Salifu ya hau kan suri yana neman rezo a wayarsa don ya sanar da ofis.

Ni kuma na tafi wurin tsohuwa, wadda suke kira Nene. Nan aikin gaske yake. Na durƙusa na gaishe ta, na yaba riƙonta, sannan na ce ina so a kai yarinyar asibiti a Djougou, motarmu can za ta. Sunan yarinyar Aisa, a bakinta na ji. Ta ce Aisa ba abin da ke damunta sai zafin rani, da ruwa ya sauka shanu suka dawo za ta miƙe. Ta ce ta raini uban yarinyar da ƙannensa a irin wannan ranin ba wanda ya je asibiti. Kumburin ma a ganinta ƙiba ce ta fara. Na fahimce ta sarai: a ce an ɗauke yarinya daga hannunta an kai likita, kamar an ce ta kasa riƙo ne a gaban dukan ruga. Uban ba ya nan balle ya yanke magana. Hawwa tana can nesa tana wanke wata ƙwarya, ta wanke ta sake wankewa, ko sau ɗaya ba ta ɗago ba.

Na ga magana ba za ta yi ba, sai na ciro maɗaurin na sa a hannun Nene. Na nuna mata inda ake zagayawa, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kar a matse kar a sassauta. Na kira ɗan maƙwabciya, ta auna da kanta, kore. Na kira wata, kore. Na ce to ta gwada tata. Ta zagaya, ja. Ta ce hannun ne, ta koma ɗayan, ja. Ta ɗan sassauta da gangan, ina kallo, har yanzu bai fita daga ja ba. Na kama babban yatsanta na danna a bayan ƙafar yarinyar, muka ɗaga, ramin yatsan ya tsaya bai cike ba. Na ce mata ƙiba ba ta yin haka, ruwa ne.

Ta daɗe tana kallon ramin. Ni dai ina addu'a a zuciyata, don in ta ce a'a ba ni da ikon ɗaukar 'yar mutane, kuma yadda na ga ƙafafun nan ban sa ran za ta ga dawowar shanu ba. Can ta ce gwiwoyinta ba sa hawa mota. Na ɗauka ƙi ne ta yi cikin ladabi. Sai ta ɗaga murya yadda duk matan za su ji, ta kira surukarta.

"Ke, ajiye ƙwaryar nan ki zo. Ƙafata ba za ta kai ni Djougou ba. Ɗauki yarinyar nan tawa ki kai mini ita, aike ne na aike ki. Kar ki dawo mini da ita sai ta yi nauyi."

Hawwa ta durƙusa ta ce, "To, Nene." Tsohuwar nan ta san abin da take yi. Ba wanda zai ce Hawwa ta yi rashin kunya, ai umarnin suruka ta bi.

A mota ta zaunar da yarinyar gefenta kamar kayan aike, tana kallon taga. Sai da rugar ta ɓace a bayanmu, ta kwance goyon ta miƙo mini jaririn. Ta ɗauki Aisa ta ɗora a cinya, ta rufe ta da mayafinta, ta kifa fuskarta a kan ɗan jan gashin nan. Salifu ya juya yana kallon hanya. Ni da ba na kuka a bakin aiki, ranar na yi. A asibiti suka karɓe ta nan take, suka ce mun kawo ta a kan gaɓa.

Abin da ya biyo baya wahala ce zalla. Ofis suka yi gunaguni amma suka yarda a canza tambayar, aka ce mu koma duk rugagen da muka riga muka wuce. Ruwa ya sauka, mota ta riƙa maƙalewa, muka yi ta turi cikin laka har gwiwa, direba yana tsine wa ƙididdiga da wanda ya ƙirƙiro ta. Da aka sake lissafi da 'ya'yan fari a ciki, hoton ya sauya, rugagen da aka ce ba laifi suka shiga cikin waɗanda za a fara kai wa taimako.

Don haka mai tabarau, ordinata za ta lissafa maka duk abin da ka ba ta, ba ta gajiya ba ta kuskure. Amma wanda bai shiga ba, ba za ta taɓa ce maka ga shi can ƙofar bukka ba. Kafin ka nemi matsakaici ka tambayi kanka wa aka tambaya, a gaban wa aka tambaye shi, wa kuma al'ada ta hana a ambata. Abin da ke sa ni farin ciki da na dube ku shi ne akwai mai jin Dendi a cikinku, akwai mai Baatonum, akwai mai Yom, akwai mai Fulatanci. Ranar nan da ni kaɗai ce, yarinya ɗaya zan auna in tafi. Da Salifu ne shi kaɗai, ba zai san ɗiyar wa ce ba. Ku kuna iya haɗa biyun a kai ɗaya, in dai ba ku bar abin da kuka sani daga gida a ƙofar aji ba.

Bayan kaka aka sake tura mu zagaye na biyu, muka koma rugar. Shanu sun dawo, ko'ina ƙwaryar nono. Na rataya sikeli a reshen kaɗanya, muka fara bin bukkoki. Nene ta fito tana jan Aisa, Aisa tana tirjewa tana cizon hannunta, gashi ya fara baƙi, ƙafafu sun saɓe. Tsohuwa tana ta yi mata faɗa, tana gaya wa kowa irin ƙoƙarin da ta yi da yarinyar nan. Ina kwance igiya zan daidaita tsawonta, Hawwa ta zo wucewa ta bayana da tulu a kai, kamar hanyarta ce kawai ta biyo ta nan. Ba ta dubi yarinyar ba, ba ta dube ni ba. Ta ɗan rage tafiya ta ce, "Inna, ki ƙulla igiyar da kyau. Yarinyar tsohuwar nan, jiya da ƙyar na ɗaga ta."